Shuɗiyar Ƙofa a Bayan Labule

Shekaruna na ƙarfi a Nakkasa, wata unguwa a kan duwatsun Makka, na ƙarar da su, ina ɗaukar hoton mutanenmu da suka zo aikin Hajji suka ƙi komawa. Ban yi karatu mai zurfi ba, kuma ba ni da shago. Kyamara ce a wuya, sai labulen da nake naɗewa in saɓa a kafaɗa in hau dutse da shi gida gida.

Labulen da hannuna nake yinsa. Bayan Hajji alhazai kan bar haraminsu a masauki, ni kuwa in tattaro, in wanke, in haɗa su da ɗinki. Na gwada yadi mai sheƙi tun farko, amma da filas ɗin kyamara ya haska sai ya mayar da haske ya wanke fuskar mutum. Harami kuwa shanye haske yake yi. Wani in rina shi da ganyen shayi ya yi ruwan ƙasa, wani da shuni. Ba a linke shi, naɗewa ake yi, don layin linki yana fitowa a hoto kamar tabo.

Wanda ya fi kasuwa shi ne falo. Da ragowar fentin magina da soso na zana shi: kujeru masu laushi, fitila mai reto daga sama, taga tana kallon lambu. Mai wankin mota zai ari jallabiya ya tsaya a gabansa, a aika gida, dangi su ce Makka ta karɓe shi. Ni ma haka na aika wa nawa. A lokacin gani nake rufin asiri nake yi wa mutane.

Akwai wata Hajiya maƙwabciyata, mutuniyar Damagaram, mai tuyar waina. Mijinta ne ya gina ɗakinsu, shi ya riƙa hawo da bulo a ka, ya yi shafe da tafin hannunsa, ya shafa wa ƙofar shuɗin fenti. Bayan ta fita takabarsa ta aiko in zo in ɗauke ta da 'yarta ƙarama a bakin ƙofar nan.

Na zo na fara kwance falona. Ta ce in bar shi, ƙofar take so. Na dubi bangon, duk shatin yatsu, ga bututun ruwa yana ɗiga a gefe. Na yi mata tsiya, na ce so take a gida a ce a rami muke kwana, ni kuma a ce ban iya aiki ba.

"Malam, ba aikawa zan yi ba," in ji ta. "Ajiyewa zan yi."

Ban saurara ba. Na ce sana'ata ce, ni na san abin da ya dace. Na kafa ƙusa a jikin shafen mijinta na rataye falon. Mace ce mai kunya. Ta gyara wa yarinyar ɗankwali, suka tsaya inda na nuna musu, ɗan nesa da labulen don kada inuwa ta faɗa kan kujerun.

Daga baya rusau ya iso ɓangarenmu. Aka yi wa gidaje alama da jan fenti, muka watse. Ni na gangaro unguwar Ka'akiyya, inda nake har yau, ido ya yi rauni, waya kuma ta kashe sana'ar. Labarin rasuwar Hajiya a bakin mutane na ji shi.

Bara 'yar Hajiya ta neme ni. Ta zama babbar mace, tana aure a unguwar Shisha, Hausarta rabi Larabci. Ta fito da hoton daga jaka. Ta ce 'ya'yanta sun ɗauka falon nan ne gidan kakarsu, ta faɗa musu ba shi ba ne, sun ce to ina nasu. Ta kai su wurin, ba ta ma gane inda ɗakin yake ba, an baje dutsen.

"Ya Ammi," in ji ta, wato baffa da Larabci, "ko kana da wani hoton? Ko na maƙwabta ne, in dai ƙofarmu ta fito."

Na jawo akwatin da nake ajiye ragowar hotuna, muka zazzage a kan tabarma. Fuskoki na nan, na matattu da na waɗanda aka kama aka mayar gida. Bayan kowa falo, ko shuni, ko ruwan shayi. Duk zamana a unguwar ban ɗauki bango ɗaya ba, ko lungu, ko matakala.

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta sake ɗaukar nata hoton ta matsa bakin taga. A gefen dama, inda labulen bai kai ba, akwai wani siririn shuɗi da bai fi faɗin tsinken tsintsiya ba. Ranar da na wanke hoton na so in datse shi da almakashi, na manta.

Ta ɗora wayarta a kai, ta buɗa shi da yatsu biyu har shuɗin ya cika fuskar wayar. Ba ƙofa a ciki, launi ne kawai ya dushe. Ta ce wannan za ta nuna wa yaran.