Neman Sawun Gidaɗo Ba-Iyaka a Yola

Mun bar Kano ana kiran assalatu, ni da wani abokina da muka daɗe muna koyarwa tare, shi labarin ƙasa ni tarihi, sai direbanmu, mutum mai ƙarancin magana da yawan goro. Abin da ya fitar da mu kuwa matacce ne, wani ɗan fashi na zamanin Turawa da ake kira Gidaɗo Ba-Iyaka.

Kakata 'yar Adamawa ce, kuma da labarinsa ta yi renona. Ta ce makiyayi ne lafiya lau, har ranar da Ingilishi da Jamusawa suka ja layi ta tsakiyar makiyayar ubansa, ruwa ya faɗa ƙasar waɗannan, ciyawa ta faɗa ƙasar waɗancan, kowanne kuma yana son jangalinsa. Sai Gidaɗo ya shiga kora shanun da aka ƙwace yana tsallakar da su ɗaya gefen. Daga baya ya ce ɗan sararin da ke tsakanin duwatsun iyakar biyu ƙasarsa ce, in kuma ta yi masa kaɗan sai ya cicciɓi dutsen ya matsar. A ƙarshensa ne bakuna suka rabu. Wasu sun ce Jamusawa suka rataye shi, wasu Ingilishi, wasu kuma ruwa ne ya ci shi. Mutum ɗaya, mutuwa uku. Na yi ritaya, na ga ya kamata in je in zaɓa masa guda.

Hanyar Gombe ba laifi. Daga Kaltungo zuwa Numan ne mota ta koma karatun allo, kowane rami sai ta tsaya ta maimaita. Shingayen bincike sun fi gidajen mai yawa, kuma a kowanne tambaya ɗaya ce: daga ina, zuwa ina, wurin wa? Mukan ce malaman makaranta ne, a dubi furfurarmu da tsufan motarmu, a yarda. A Numan muka ci soyayyen kifi a tsaye. Mai kifin ta faɗi kuɗinsa, abokina ya tambaye ta ko har da kwalekwalen da aka kamo shi.

Jimeta ta tarbe mu da zafi irin wanda ba ya jin magiya, ga Keke Napep kamar ƙudan zuma. Muka sauka a unguwar Shagari Low Cost wurin wani tsohon ɗan ajinmu, Kirista ne daga kudancin jihar, ma'aikacin gwamnati. Matarsa ta dama mana kunun gyaɗa mai kauri. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ajiye cokali. Ya ce garin nan ya karɓi mutanen da suka gudo wa 'yan ta'adda daga arewacin jihar da ƙafa, da yara a baya, wasunsu har yau ba su koma ba, kuma ido bai daina bin baƙo ba. Ya ce mu yi tambayarmu a hankali. Muka ce to, irin to ɗin da ɗalibi ke ce wa malami.

Kashegari muka shiga tsohuwar Yola, unguwar Wuro Hausa, wurin wani dattijo da wani ɗan kasuwa a Kano ya ce in nema. Bappa Umaru zan kira shi, tsohon hedimasta, siriri, farar riga ba ko ɗigo. Ya zaunar da mu a zaurensa, aka kawo kunu, aka gaisa gaisuwar Yola, wadda sai an tambayi gajiya da rana da yara da shanun da ba ka da su. Da na ambaci Gidaɗo sai ya dubi bakin ƙofa.

"Tatsuniyar tsofaffin mata ce, Malam," in ji shi. "Ban san shi ba."

Na matsa, domin naci ciwon malamai ne. Na ce kakata ta ambaci wani busasshen rafi kudu da gari, inda yake tsallakar da shanu. Bappa ya ce rafi kam akwai, gaba da ƙauyen Malkohi. Da ya rako mu sai ya riƙe hannuna ya ce duk ƙauyen da muka shiga, kafin mu yi wa kowa magana, mu fara zuwa wurin Jauro, wato mai garin, mu gaishe shi, mu faɗi abin da ke tafe da mu.

Mun wuce Malkohi rana ta take tsaka. A gefen hanya ga 'yan bukkoki da gidajen bulo marasa shafe na waɗanda suka zo gudun hijira suka zauna, mata na shanya kuɓewa a kan buhu. Ƙauyen da muke nema, wanda ba zan faɗi sunansa ba, yana can gaba, kuma rafin na nan kafin a shiga gari. Abokina ya ce mu leƙa na minti biyar, gaisuwa ba za ta gudu ba. Na yarda, don ni ma ina gudun wata doguwar gaisuwar a cikin wannan rana.

Muka sauka cikin yashi. Abokina ya shiga ɗaukar hoto da waya, gabas da yamma. Ni kuma na sami wasu mutum biyu suna haƙar ruwa, na tambaye su ta ina mutum zai bi da garke ba a gan shi daga gari ba, kwana nawa ne zuwa iyaka a ƙafa, kuma akwai kogo ko duhuwa da mutane za su iya ɓuya? A kunnena tambayoyin tarihi ne. Ɗayansu ya ajiye ƙwarya ya tafi.

Ba mu gama karkaɗe takalma ba maharba suka iso, 'yan sintirin gari, riguna duk layu, bindigogin gida a kafaɗa. Babu wanda ya ɗaga murya, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Babbansu, wani baƙi mai tabo a wuya, ya karɓi wayoyinmu da makullin mota.

"Wannan mota na waye? Wa ya aiko ku?"

Na ce mu malamai ne, muna bin sawun wani ɗan fashi. Kalmar na fita na ji nauyinta. Na yi sauri na ƙara da cewa ya mutu tun zamanin Turawa.

"Ya mutu," in ji shi, "amma hanyansa kuke nema."

Aka tasa mu zuwa gindin wata tsamiya a ƙofar Jauro. Kafin mu zauna gari ya taru, maza a gaba, mata daga nesa. Jauro tsoho ne mai sanyin murya. Ya ce da mun zo wurinsa tun farko, da shi zai haɗa mu da mai raka mu. Yanzu kuwa an gan mu muna auna hanya, kuma rabin mutanen da ke tsaye a nan, irin wannan tambayar aka yi a garuruwansu kafin a zo musu. Ƙa'idarsu ɗaya ce. Baƙon da aka kama haka, sai wani ya zo ya tsaya masa, wanda aka san ubansa aka san gidansu, ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a abin da ya kawo baƙon. In magariba ta yi babu kowa, za a miƙa mu ga jami'an tsaro, su yi nasu binciken.

Na san ba mu yi komai ba. Na kuma san hotunan rafi da tambayar maɓoya ba su da saurin bayani, kuma abokina da hawan jini yake kwana. Direba ya daina tauna goro.

Muka ba da sunan mai masaukinmu. Jauro ya ce mutumin kirki ne wataƙila, amma nan ba a san shi ba. Sai na ambaci Bappa Umaru. Dattawan suka dubi juna. Aka ba ni wayata na kira shi, ya saurara har na gama, ya kashe bai ce zai zo ba.

Aka yi la'asar, muka bi su salla, maharbi ɗaya a bayanmu bai shiga sahu ba. Wata tsohuwa ta kawo mana ruwa a kwano. Tana miƙo mini ta ce, "Baba, ku ɗan fashi na da kuke nema. Mu na yanzu ne ya kore mu." Na sha ruwan, na mayar mata da kwanon.

Inuwar tsamiya ta kai bangon masallaci, babban maharban ya fara kiran wani a waya, sai ga Keke ta tsaya. Bappa ya fito da sandarsa. Aka yi gaisuwar nan tun daga farko, ba a rage ko gajiya ɗaya ba, ni kuwa ina kallon rana. Sannan Jauro ya tambaye shi ko ya san mu. Ya ce yau da safe muka sha kunu a zaurensa. Babban maharban ya ce shan kunu ba shaida ba ce, shi wannan Gidaɗo da suke fakewa da shi, an taɓa yin sa kuwa?

Da safe Bappa ya ce mana tatsuniya ce. In ya maimaita haka, mun zama maƙaryata masu auna hanya.

"An yi shi," in ji Bappa. "Shi ya haifi uwata. Ta rafin nan yake bi. Waɗannan ba su san komai ba sai littafi, na tsaya musu."

Samarin da ke baya suka fara ƙus-ƙus. Jauro ya ɗaga hannu suka yi shiru. Ya ce, "Bappa, rumbun kakana yana cikin waɗanda kakanka ya ƙona. Mun sani tun muna yara, ba a dai faɗa ne." Ya juya ga maharba ya ce a ba baƙi makullinsu.

A mota, kan hanyar mayar da shi gida, na fara ba shi haƙuri, ya katse ni. Ya ce tsofaffi sun sani sun rufa masa, har ya yi hedimasta ya aurar da 'ya'ya ba wanda ya goranta masa. Yau yara sun ji, yara kuma suna da waya. Ya ce kakan nasa da shanun jangali ya fara, amma bai tsaya nan ba, ya kwashi na talakawa, ya kashe masu su, kuma babu wanda ya rataye shi. Ya tsufa da wani suna, ya makance, ya mutu yana tufka igiyar shanu a zauren da muka zauna da safe.

"In za ka rubuta, Malam, ka sake sunaye. Kuma kada ka mai da shi jarumi."

Na sake su, har da na Gidaɗon.

Mun kwana a Shagari Low Cost, mai masaukinmu ya yi mana kirkin rashin cewa ai na gaya muku. Da safe muka kamo hanya, ramukan nan dai suna inda muka bar su, muka shiga Kano da yamma lafiya. Na tafi neman mutuwa ɗaya cikin uku, na dawo da ta huɗu, wadda ba ta da daɗin ba yara. Na gane ɗan fashi ba ya daɗin labari sai ga wanda ke nesa da rumbun da aka ƙona. Kuma gaisuwar da muka ga ta yi mana tsawo a cikin rana, wani dattijo ne ya biya ta da abin da ya rufe tsawon rayuwarsa. Duk wanda zai bi hanyar nan, ya fara da ƙofar Jauro.