Yatsan Da Na Ce Ba Ya Bugawa

Salamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ba ku ji ɗuriyata a nan ba. Hawan jini ne ya kwantar da ni, alhamdu lillahi na miƙe. Amma ina kan gadon jinya lokotoro, wato likita, ya ce, "Baba, kan yana bugawa?" Sai ga ni ina hawaye, tsofai-tsofai da ni. An taɓa yi mini wannan tambayar, na yi ƙarya.

Duk wanda ya gaisa da ni ya san manunina na dama guntu ne. In aka tambaya sai in ce, "Ai tsohuwata ce ta tsaya maganin gida har ya lalace."

Ba haka aka yi ba.

Zamanin Faransa ne, gab da mulkin kai, ban wuce shekara goma sha biyu ba. Muna yankan shinkafa a fadamar Yelu, ƙaya ta shige mini ƙarƙashin farce. Kwana uku yatsa ya yi suntum. Ɗan karkare. Raɗaɗi daban, zogi daban, jama'a. Wannan bugawa yake, dum, dum, tare da zuciya, in ka sauke hannu ya ƙaru.

Inna ta soka yatsan cikin lemun tsami yini ɗaya tak. Da ta ga bai lafa ba ta bar shinkafarta, ta ari jaki ta kai ni asibitin Gaya.

A gabana aka tsaga wa wani ƙato maruru, yana ihu yana kiran uwarsa. Na ga wuƙar tana tafasa cikin tasa.

Lokotoron baƙar fata ne, yana jin Hausa. Ya ce, "Yaro, yana bugawa? In yana bugawa mugunya ta taru, sai mu tsaga."

Na ce a'a.

Inna ta ce, "Wallahi yana bugawa, lokotoro. Na riƙe shi, na ji a tafina."

Na ce, "Ƙarya take yi!" Uwata, a gaban mutane.

Ya ce mata, "To, ciwon naki ne ko nasa?" Aka yi dariya, ta sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, layi har bakin ƙofa. Ya shafa magani ya naɗe, muka koma gida ina murna na tsira.

Bayan mako guda hannu ya kumbura har wuyan hannu, ga zazzaɓi, ga kaluluwa a hammata. Muka sake ɗaukar hanya. Wannan karon ba a tambaye ni komai ba, gaɓa guda aka yanke. Lokotoro ya ce da mun ƙara kwana biyu, da hannun ne gaba ɗaya.

Kwana ashirin ana allura da safe, ana wanke miki da yamma. Magani kyauta ne, amma zaman Gaya ya cinye akuyar Inna, shinkafarta kuma tsuntsaye suka sha.

Da Baba ya zo ya ga hannun, sai ya hau ta da faɗa: "Ke kika nakasa mini yaro da lemun tsaminki!" Ta dube ni. Na dubi ƙasa. Ta ce, "Haka Allah ya rubuta, Malam."

Na warke, na yi ɗinki shekara hamsin da hannun nan. Ita kuwa har ta koma ga Allah dangin Baba na goranta mata, ba ta taɓa tona ni ba. Ni ma ban taɓa wanke ta ba. Kaicona, har ni na riƙa taya su faɗa.

Na gode wa Allah, na gode wa duk wanda ya yi mini addu'a. Shawarata: yatsa in ya fara bugawa, a tafi asibiti a ranar. Ku faɗa wa likita gaskiya ko da wuƙa ce a hannunsa. In uwa ta ce ɗanta ba lafiya, a saurare ta.

Wanda ya taɓa ji daga bakina cewa Inna ce sanadi, don Allah ya goge, ya sa ta a addu'a. Ita ta faɗi gaskiya ran nan. Yana bugawa.