Abin da Ya Taɓa Ni a Kududdufi

Shekaru kaɗan kafin a ba mu mulkin kai na kama aikin malamin kifi, alhali ban iya iyo ba. Ɗan unguwar Sheshe ne ni, ruwan da na sani na rijiyar gidanmu ne. Ban faɗa wa kowa ba, don kada aikin ya kuɓuce mini.

A wani kududdufi da ke kusa da Ƙofar Nassarawa mun zuba 'ya'yan karfasa da aka ɗebo daga kogi. Bayan damina aka ce mu je mu ga yadda suka yaɗu. Za mu ja taru, wato babbar ragar su, mu ƙirga kifin, mu auna tsawonsa, mu mayar da shi. Aka haɗa ni da wani dattijo masunci.

Tun ina ƙarami nake jin mutanen unguwar na cewa ruwan nan yana da masu shi. Da hantsi muka isa, kainuwa ta rufe shi ruf. Ja na farko karfasa ƙalilan muka samu, babu ƙanana ko ɗaya. A ja na biyu tarun ya maƙale.

"Malam, ni zan riƙe igiya, kai ka shiga ka ɓanɓaro shi. Ruwan iya ƙirji ne."

"Baba, ba za mu jira gobe ba?"

"Gobe ma ruwan ne."

Na tuɓe riga na shiga ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Taɓo ya riƙe ni har gwiwa. Na sunkuya ina laluben ƙasan tarun, sai wani abu mai santsi ya goge mini hannun dama. Nan take na ji kamar an maka mini taɓarya daga yatsu har wuya. Hannun ya mutu. Na buɗe baki zan yi ihu, ruwa ya cika shi. A raina na ce shi ke nan, masu ruwan sun kama ni.

Dattijon ne ya fizgo ni ta wuyan wando. Na kwanta a gaɓa ina amai, ina tambayarsa ko hannuna yana nan. Sai ya jawo tarun. A ciki ga wani kifi ƙato mai taushin jiki da ɗige-ɗige.

"Minjirya ce. Haka take yi wa duk wanda ya taɓa ta. A cikin 'ya'yan kifin kogi ta biyo ku, ita da tarwaɗa suka cinye ƙananan."

Da hagu na rubuta rahoton. Na ba da shawarar a bari ruwa ya ja baya da rani a kwashe minjirya da tarwaɗa, sannan a riƙa tantance irin kifin kafin a zuba. Aka amince. Hannun ya warware kafin la'asar, amma na yi mako guda ko alwala zan yi sai na leƙa cikin buta.