Yatsu Huɗu na Rabe Mai Roba

Kai direban da ke lafta wa mota kaya har gindinta ya riƙa shafar ƙasa, kada ka tsallake wannan rubutu, da kai nake. Rabe ya tafi, amma maganarsa ba ta bi shi ba.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran Rabe Mai Roba, ƙanin mijina, bakaniken da ke bakin hanyar Magama, bayan gajeriyar jinya.

Rabe, na zauna in yi maka kuka, dariya ta riga hawayen zuwa. Tun da aka kawo ni gidanku ba ka daina tsokanata ba. Lokacin da ɗana Abbas ya fara jigilar wake da albasa tsakanin Jibiya da Maradi, sai gindin motarsa ya zauna, taya na gogar jiki a duk gargada. Ka ɗaga ta da jak, ka cusa roba mai kauri tsakanin zoben sifirin na baya, ƙarfen nan mai ɗauke nauyin mota, biyu kowane gefe, don ya yi tauri. Sai ka aiko a kira ni, wai akwai magana ta gaggawa. Na yafa mayafi na zo da sauri, ashe gwajin nauyi kake nema.

"Matar yaya, shiga baya ki zauna. In ta ɗauke ki, buhu nawa ne ba za ta ɗauka ba?"

Na ce maka mara kunya, na kuma shiga, garejin duka ana dariya. Ka durƙusa ka zura yatsunka huɗu tsakanin taya da jikin mota, suka shige. Ka ce wannan ne ma'auni: ranar da yatsu huɗu suka ƙi shiga, a sauke kaya.

Da kasuwa ta buɗe, Abbas ya koma ka ƙara masa roba ta uku. Ka ƙi. Ya yi fushi, ya daina gaishe ka, kai kuwa kullum sai ka biyo ta ƙofar gida kana tambayar ko direban jirgin sama ya tashi. A gabana ka faɗa masa, roba tana hana sifirin lanƙwasa ne kawai, ba ta ƙara wa birki ƙarfi, ba ta ƙara wa taya rai. Ka ce gara ya ƙi ka da ransa da ka wanke gawarsa. Yaran yau suna ganin mai hana su shi ne maƙiyinsu, don ba su san ciwon kansu ba.

Allah Ya jiƙanka, Rabe, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Salmatu, Allah Ya ba ki haƙuri da ke da yaranki da surukarmu da ke Bugaje. Mijinki ya bar mana abin dariya da abin koyi.

Shekaranjiya na ji Abbas a waya yana tambayar wani sabon bakanike ko yana sa roba uku. Da safe, ya gama lodi, ya same ni durƙushe a gefen tayar baya. Na zura yatsuna, biyu kawai suka shiga. Ya sauke buhuna yana gunaguni, har huɗun suka shige.

Dokar gidan nan daga yau: roba biyu, babu ta uku, kuma mota ba ta fita sai yatsuna huɗu sun shiga. Nawa ma sun fi na Rabe kauri.