Manjo Narelle da Masu Ciwon Baya

Ni ce nas a asibitin barikinmu na garin Darwin tun kafin Narelle Pascoe ta zo, don haka na san ta tun tana kyaftin, tun tana iya kuka. Ita ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya. Halayyar ɗan Adam ta karanta, aikinta duba abin da ke cin soja a rai. Ofishinta na jikin na likita, kuma da gangan aka yi haka, don babu sojan da zai tako da ƙafarsa ya ce ransa ne ba daɗi. Kowa ciwon baya ne ya kawo shi. Likita ya latsa bayan, sai ya ce, "Zo ka gaisa da maƙwabciyata," ya tura shi ciki kafin ya farga.

Sai dai fa soja in ya ga hafsa ƙamewa yake yi. Ko hanjinsa na waje, lafiya lau zai ce. Shi ya sa take cire aninin kafaɗarta ta jefa a durowa kafin kowa ya shigo. Da haka ta yi ta raba su da rashin barci, da giya, da taba, har ta zama manjo.

Ana gab da tura wata runduna ƙasar waje wani ɗan cikinta, Kofur Declan Marsh, ya zo, shi ma da ciwon bayansa. Da hira ta yi hira ya faɗa mata ya kyautar da karensa da babur ɗinsa, kuma bai da niyyar dawowa da rai daga tafiyar. Ta kira ni in zauna da su, sannan ta gaya masa ba zai riƙe bindiga ba, ba zai yi tafiyar ba. Duk mun san daga nan sallama ce.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, soja kaɗai na iya."

"Na sani, Declan."

"Da kin bar aninin a kafaɗa ai da na kama bakina."

Aka kwantar da shi, daga baya aka sallame shi daga aiki. Abokansa suka daina gaishe ta. Ni dai haushi ya cika ni, ita kuwa ko a jikinta. Tun daga lokacin ban ƙara ganin ta yi kuka ba, dariyar ma ta tafi. Tana zuwa, ta yi aikinta daidai, ta ci burodinta a tsaye, ta tafi gida. Irin Declan sun zo bayansa, ta yi musu abin da ta yi masa.

Bara, bayan ta yi ritaya, muna shan shayi a barandarta ta ce ta ga Declan a kanti bayan shekaru masu yawa, yana tura keken sayayya da 'yar yarinya a ciki. Suna haɗa ido ya juya keken ya bi wani layin.

Na ce, "Ɗan banza. Ko sannu?"

Ta juya kofinta a hannu, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

"Ya yi ƙiba, Bev," ta ce. "Har furfura ya fara."