Ƙarshen Shirin da Yayana Bai Gani Ba

A shekarun fari, talabijin guda ce a unguwarmu ta Isa, a zauren wani tela, da batirin mota take aiki. Duk mako ni da yayana mukan je kallon wani shirin Turawa, na mutanen da jirginsu ya ɓace cikin taurari. Ba mu jin Turanci, amma yayana ya san halin kowa a cikinsu.

Saura kashi na ƙarshe a nuna, ciyawa ta ƙare ƙaf. Baba ya sa yayana ya kora sauran shanunmu kudu.

"Za ni in dawo da damina," in ji shi. "Ka kalla mini."

Kafin mako ya zagayo, telan ya sayar da talabijin ɗin ya sayi gero, ni ma ban kalla ba. Yayana kuwa zazzaɓi ya kashe shi a hanya.

Sai da na tsufa ɗiyata ta gaya mini faifan kashin ƙarshen ya daɗe da ɓacewa, kwanan nan aka tsinto shi. Ta kunna mini a wayarta, hoton yana rawa. Mutanen sun isa gida lafiya, dukkansu.

"Baba, in sake sa maka?"

Na ce a'a, ya isa.