Kawu Babu-Komai

Kawuna ma'aikacin lafiya ne, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya dafa goshin majinyaci ba. Aikinsa sa ido, inda cuta ta ɓulla ya kai rahoto. Shi kuwa ya daɗe da gane cewa manya ba sa son mummunan labari, don haka bai taɓa ɓata musu rai ba. Abokan aiki suka laƙaba masa Babu-Komai, yana amsawa har da washe baki.

Da ambaliya ta cinye unguwarmu, aka kwashe mu zuwa wata makarantar firamare, har da shi da matarsa, aka ɗora masa sa ido a kan sansanin. Kowace safiya sai ya zuba farar riga, ya tsaya a ƙofar aji, ya ɗaga murya: "Akwai mai gudawa a nan?" Wa zai ɗaga hannu a gaban surukansa da 'yammatan unguwa? Kowa ya sunkuyar da kai. Shi kuma ya fita ya buga waya: "Ranka ya daɗe, yau ma babu komai." Layin masu jiran bayan gida kuwa har gindin tuta.

Sauran sansanoni suna kai rahoton amai da gudawa, ana aika musu gadaje da ruwan ƙari. Mu yabo aka aiko mana. Shugabansa ya ce in masu dubawa suka zo suka tarar da haka, kujerar hedikwata ta Kawu ce.

Ana cikin haka matar Kawu ta kwanta da amai da gudawa. Ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, Inna nake ce mata. Kafin azahar idanunta sun faɗa.

Na ce, "Kawu, a kai Inna asibiti."

"Zafin gari ne kawai. Ke likita ce?" Ya durƙusa kusa da tabarmarta ya rage murya. "Ki daure mini zuwa jibi, su zo su tafi. Kin san abin da muka daɗe muna jira."

"To, Malam," ta ce, da ƙyar.

Da ya fita neman dutsen guga, muka ɗora ta a baro, ni da matan ajinmu, muka tura zuwa sansanin ƙetaren titi, inda akwai tantin masu jinya. Likitar ta duba ta, ta dube mu, ta ce ina muka tsaya? Inna ba ta kai magariba ba.

Tunda a can ta cika, cikin lissafinsu aka sa ta. Kawu ya yi kuka na gaske, na gani da idona. Washegari kuma ya buga wayarsa a kan lokaci. Har yau ina jin haushinsa, gaisuwa ma sai ta zama dole nake yi masa. Yana hedikwata yanzu, shi ke koya wa sababbin ma'aikata yadda ake sa ido.